Bayan Ka Sauya Salansar Babur: Sukuru, Jet, Sabon Kafireto, Ko Mayar Da Hanji?

Ranar Lahadi, idan kasuwar Gujungu ta fara watsewa bayan La'asar, ko idonka a rufe kana iya raba baburan da ke wucewa gida biyu. Akwai masu tafiya da gurnani ƙasa-ƙasa, da buhun gero ko akuya biyu a baya. Akwai kuma waɗanda tun daga nesa za ka jiyo su, in mai babur ya saki totur a kwana sai ka ji harbi kamar na bindigar toka. Waɗannan na biyun su ne baƙina bayan sati ɗaya ko biyu. Rumfata ta gyaran babura tana bakin titin da ya taso daga Ringim, kuma kusan duk wanda ya cire salansar kamfani ya ɗaura ta kasuwa, ko ya kai wa mai walda aka fasa ta aka zare hanjinta, wato siririn bututu mai huji-huji da ke cikinta, sai ya dawo da koke. Wani ya ce, "Oga, yana harbi in na saki wuta." Wani ya ce shan mai ya ƙaru. Wani ya ce da ya shiga rairayi da kaya sai babur ya yi sanyi kamar an riƙe shi ta baya. Wani kuma bai ce komai ba, sai ni na ga wuyan salansar ya rine ya koma shuɗi.

Da zarar an buɗe zancen a rumfa, shawara takan rabu. Akwai mai cewa a juya sukurun kafireto kawai, wato na'urar da ke haɗa wa inji iska da mai. Akwai mai cewa sai an canza jet, ɗan tagullar nan mai rami da mai ke bi a cikin kafireto. Samari kuma su ce a yar da tsohon kafireto a sayo babba. Akwai hanya ta huɗu da ba a cika son jin ta ba, wato a mayar wa salansa hanjinta. Kowace a cikinsu tana da inda take aiki da inda take ɓarna, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin a zaɓa, sai an san me ya haɗa salansa da kafireto, tunda ɗaya yana bakin inji ɗaya yana bayansa. Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba, haɗi ne na iska da mai. In za a ƙone man tas, ana bukatar iska mai nauyin kashi 14.7 ga kowane kashi 1 na fetur. In kuma ƙarfi ake nema, a kan ɗan ƙara mai har kashin iskar ya sauko wajen 12.5 zuwa 13. Kafireto ba shi da kwamfuta. Ramuka ne ƙanana da kamfani ya auna daidai da salansar da ya sa da akwatin iskar da ya sa. In ka buɗe wa hayaƙi hanya, yadda inji ke numfashi ya sauya, sabuwar iska ta fi shiga a wasu wurare na totur. Kafireto yakan ƙara mai da kansa in iska ta ƙaru, amma ba daidai wa daida ba. Kuma ƙananan baburan aiki irin su Boxer na Bajaj da HLX na TVS, tun daga kamfani an tsuke musu mai saboda tattali, don haka ba su da rara mai yawa. Ɗan sauyi kaɗan sai haɗin ya tsinke.

Ni haka nake bayyana wa masu kawo mini gyara: kamar kunu ne. In ruwa ya yi yawa ya tsinke, in gari ya yi yawa ya yi kauri. Haɗin da ya yi kauri, wato mai ya fi ƙarfin iska, aljihunka yake ci: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, fulogi ya yi baƙi kamar gindin tukunya, babur yana tari. Haɗin da ya tsinke kuwa inji yake ci. Wuta tana ƙara zafi, injin kuma iska ce kawai ke sanyaya shi, ba ruwa. Ka haɗa da zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga kaya, ga rairayin Jigawa inda kake tafe a giya ta biyu iska ba ta kaɗa inji sosai. A nan ne bawul ɗin hayaƙi ke ƙonewa, fistin ya kama. Shi ya sa in dole sai an yi kuskure, gara a yi shi ta wajen kauri kaɗan.

Akwai aikin da ba ya cikin zaɓi, dole ne. Duba inda wuyan salansa ya haɗu da kan inji. Mafi yawan masu ɗaura sabuwar salansa suna mayar da tsohon gaskit ɗin da ya riga ya mutu, wasu ma ba sa sawa. In wurin yana zuƙar iska, babur zai yi ta harbi ko da kafireto lafiyarsa ƙalau, kuma za ka ga baƙin tabo a gefen mahaɗar. Duba robar da ta haɗa kafireto da inji ko ta tsage. Wanke soson iska. Kwance kwanon ƙasan kafireto ka ga abin da ya kwanta, domin man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa da datti, kuma ramin ƙaramin jet bai kai na allurar ɗinki ba. A saita bawul. Na sha ganin babur da aka zo da shi neman jet, ya tafi da sabon gaskit kawai ya warke. In ba a yi waɗannan ba, duk saitin da aka yi a kan ƙarya aka gina shi.

Sannan ka san a wane wurin totur ciwon yake. Kafireto irin na baburanmu ma'aikata uku ne suke karɓa-karɓa a cikinsa. Daga silo, wato inji yana aiki ba a murɗa totur ba, zuwa kwatan totur, ƙaramin jet ne da sukurunsa ke ba da mai. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Ɗauki alli ka yi wa hannun totur alama huɗu, ka hau ka zaga, ka lura a wace alama babur ke gardama. Wannan zagayen na minti goma shi zai gaya maka wace hanya ce taka, kuma ba ya cin ko sisi.

To, sukuru. Wannan ita ce hanya mafi arha, sukudireba kawai take bukata. Amma a kula, sukuru biyu ne a jikin kafireto kuma ana yawan rikita su. Mai babban kai da sifirin a waje yana ɗaga silo ne ko ya sauke shi, ba ruwansa da haɗi. Ƙaramin da ya nutse cikin jiki shi ne na haɗi. Shi ma iri biyu ne. In yana ɓangaren da iska ke shigowa, kusa da akwatin soso, na iska ne: ka kwance shi haɗi ya tsinke, ka ɗaure ya yi kauri. In yana ɓangaren inji, na mai ne, aikinsa akasin haka: ka kwance mai ya ƙaru. Wanda bai bambance wannan ba zai iya ƙara wa babur ciwon da ya zo da shi yana ganin magani yake yi.

Yadda nake yi: sai inji ya ɗau zafi sosai. In ɗan ɗaga silo. In ɗaure sukurun haɗi a hankali ina ƙirga zagaye har ya zauna, ba tare da matsawa ba domin bakinsa siriri ne yana lalacewa, in rubuta adadin, in mayar da shi inda yake. Daga nan kwata-kwatan zagaye, ina jira kaɗan bayan kowane juyi ina saurare. Inda inji ya fi tashi kuma muryarsa ta daidaita, nan ne wurin. Sai in ɗan karkata shi wajen kauri, in sauke silo. Yawancin kafireto suna zama tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi.

Abin da sukuru ke warkarwa shi ne wahalar tashi da safe, silo mai rataya a sama bayan ka saki totur, mutuwa a tsaye, da yawancin harbin nan na kwana. In abin da ka yi kawai shi ne sauya tukunyar bayan salansa, wuyanta na kamfani yana nan, akwatin iska yana nan da sosonsa, to sau da yawa nan maganar ta ƙare. Amma iyakarsa kwatan totur. Mai acaɓa da ke zuwa Gumel ya dawo, rabin totur zuwa sama yake rayuwa, inda sukuru ba shi da ta cewa. Haɗarin wannan hanya shi ne tana rufe baki: harbi ya daina, mai babur ya tafi da murna, alhali can sama haɗin yana nan a tsinke yana gasa bawul a ɓoye. Kuma sukurun da kansa yana faɗa maka in ya gaza. In na mai ne ka kwance ya haura zagaye uku kafin inji ya gamsu, ko na iska ne sai da ka kusa rufe shi ruf, to ƙaramin jet ya yi kaɗan, a ƙara mataki ɗaya, misali daga 35 zuwa 38. Barin sukuru a kwance da yawa yana sa girgizar hanya ta zare shi ya faɗi.

Hanya ta biyu, allura da jet, ita ce gyaran gaskiya, kuma a nan nake son a daɗe.

A fara da allura domin kyauta ce, kuma ita ke riƙe da wurin da muka fi tafiya a kai. Ka kwance murfin saman kafireto, ka zaro fistin ɗin da wayar totur ke ja, allurar tana rataye a cikinsa da ɗan kilif. Da yawa suna da tsagi biyar. In ka sauko da kilif tsagi ɗaya zuwa wajen tsinin, allura ta ɗagu, mai ya ƙaru. In ka hau da shi sama, mai ya ragu. Nan ma ana yawan juya lissafin, sai a riƙe: kilif ƙasa, mai sama. Wasu allurai na kamfani tsagi ɗaya gare su. Irin waɗannan a kan sa siririn wasa, wato zoben ƙarfe, mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin kilif. A yi aikin a kan tabarma ko faranti, domin kilif ɗin in ya yi tsalle cikin yashi ya tafi ke nan.

Ta yaya za ka san allura na bukatar ɗagawa? In inji ya yi zafi, kana tafe a rabin totur, ka ɗan ja cok kaɗan. In babur ya ƙara kuzari, ƙishirwa yake ji. In ya shaƙe nan take, ba ya bukatar ƙari. Haka kuma in kana tafiya a totur ɗaya ba ka motsa hannu ba amma babur yana ja yana saki, alamar tsinkewa ce.

Babban jet yana cikin kwanon ƙasa, ɗan tagulla mai lamba a jikinsa. A tsarin kamfanin kafireto na Keihin, wanda yawancin kafireton da ke kasuwarmu suka kwaikwaya, lambar tana nuna faɗin ramin: 80 kusan milimita 0.80 ke nan. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, girman ƙofa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da lamba, ya fi ta sauri. A ce naka 80 ne. Ka sa 82, ƙofar ta ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100. Ka sa 85, kusan kashi 13. Ka yi tsalle zuwa 100, ta ƙaru da fiye da rabi. Salansa ita kaɗai a kan inji mai cc 100 ba ta ƙara numfashin da zai cinye wannan man. Mataki ɗaya, in ya yi yawa biyu, shi ne abin da na saba gani yana isa. Kuma lambar Keihin da ta Mikuni, wani kamfanin kafireton, ba ma'auni ɗaya ba ne, zarensu ma ya bambanta, don haka ka tafi shago da tsohon jet ɗinka a aljihu a gwada su gefe da gefe. In ba a samu a kusa ba, masu kayan babura a Fagge cikin Kano sukan ajiye. A sayo lamba biyu ko uku a jere lokaci ɗaya, ya fi a yi ta zarya.

Wannan lissafin shi ne dalilin da ya sa nake roƙon 'yan'uwana kanikawa su bar ɗabi'ar buɗa jet da allurar ɗinki ko wayar kebur. Bambancin da ke tsakanin daidai da ɓarna bai kai kaurin gashin kai ba, hannu ba ya iya auna shi. Ramin zai fita a karkace, lambar da ke jiki ta zama ƙarya, wanda zai gyara bayanka ya ruɗe, kuma abin da aka buɗa ba ya komawa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Gwajin babban jet sai a kan hanya. Nemi miƙaƙƙen titi da ba mutane, ba ranar kasuwa ba, da hular kwano a ka. A giyar ƙarshe ka murɗe totur duka, bayan ɗan lokaci ka sassauta kaɗan. In da ka sassauta sai babur ya ƙara ja, jet ya yi ƙarami. In a murɗe yana ɓarɓarwa yana tari kamar an manta cok a ja, ya yi girma. Sannan fulogi: ka sa sabo, ka yi gudun, kana cikin totur ka kama kulocin ka kashe inji lokaci ɗaya, ka gangara ka tsaya, ka bari ya huce ka kwance. Kalar shayi da madara ake nema. Fari fat kamar alli, a ƙara mai. Baƙi busasshe, a rage. Baƙi mai maiƙo kuwa ba laifin kafireto ba ne, baƙin mai ne ke haurowa, ringi ko sil ɗin bawul sun gaji. Fulogin da aka bari babur ya yi silo kafin a kwance, labarin silo kawai zai ba ka.

Dokar wannan hanya ɗaya ce: abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canza jet, ka ɗaga allura, ka juya sukuru duk a zama guda, in ya gyaru ba ka san wane ne ya gyara ba, in ya ɓaci ba ka san inda za ka koma ba. Farashinta yini guda ne da 'yan kuɗin jet da fulogi da litar gwaji. Ribarta kuma ita ce kaɗai hanyar da ke kare inji a dukkan totur ba tare da ka rabu da sabuwar salansarka ba. Amma kar a ruɗi kai: ƙarfin da za a samu kaɗan ne, a can sama, kuma mai zai ɗan ƙaru. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ɗan ƙarin nan ba abin rainawa ba ne ga wanda babur ke ciyar da gidansa. In kana son sanin gaskiyar abin, cika tanki har baki, ka yi tafiyar da ka saba, ka sake cikawa da kwalbar da ka san awonta. Yi haka kafin gyara da bayansa. Ko kilon babur ya mutu wannan awon yana aiki.

Hanya ta uku, sayen babban kafireto, ita ce ta fi jan hankalin samari, kuma ita ce na fi jin tsoro. Ana sayar da kafireto masu lamba PZ26, PZ27, PZ30, da PE28. Lambar tana nuna faɗin maƙogwaro a milimita. PZ26 na injin CG125 ne, PZ27 na mai cc 150, PZ30 na mai cc 200. Tunanin shi ne babban baki, babban ƙarfi. Amma kafireto ba famfo gare shi da ke tura mai ba, gudun iska ne ke tsotso shi, kamar tsohon famfon feshin maganin sauro da sai ka tura da ƙarfi yake fesawa. Ƙaramin inji yana jan iska daidai cikinsa. In ka faɗaɗa maƙogwaro, iskar nan za ta wuce a hankali, tsotson ya yi rauni, man ya fito ɗigo-ɗigo maimakon feshi. A kwalta, in inji ya riga ya hau sama, za ka iya jin ɗan ƙari. A ƙasa kuwa, inda ake tashi da buhu biyu, inda ake hawa gangaren rafi, inda ake fita daga yashi, ka murɗa totur babur ya yi shiru kamar zai mutu.

Ƙanena ya gwada a kan babur ɗinsa mai cc 100, duk da na ce, "Kai, bari." Ya ce, "Yaya, kowa shi yake sawa." Sati uku ya yi yana kai tumatir daga fadama yana ƙona kuloci, domin sai ya tayar da inji sama ya saki a hankali kafin babur ya motsa. Ga wata matsalar da ba ya cikin lissafinsa: bakin sabon kafireton bai shiga robar akwatin iska ba, sai aka ɗaura masa ɗan ƙaramin mataci mai kama da hula a waje. Lokacin hunturu ne. Ƙurar da ta wuce ta cinye ringi, kafin damina babur yana hayaƙi. Garin neman gira ya kusa rasa ido, kuɗin ringi da fistin da kuloci suka ninka na kafireton.

A ƙara da cewa sabon kafireto yana zuwa ne da jet ɗin wani inji daban, don haka duk aikin hanya ta biyu yana jiranka bayan ka biya kuɗin saye, da na wayar totur, da na mahaɗa. Kasuwa kuma cike take da na kwaikwayo masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, waɗanda lambar jikin jet ɗinsu ba lallai ta yi daidai da raminsa ba. Inda na yarda a sayi sabo wuri biyu ne. In tsohon ya gaji, fistin ɗinsa yana rawa a cikin gida, ko sukuru ya karye a ciki, a sayi mai girmansa sak. Ko kuma in an riga an faɗaɗa injin kansa an ƙara masa cc, nan babban maƙogwaro yana da abincin da zai haɗiya.

Masu babur mai haɗa fetur da baƙin mai, irin Jincheng samfurin AX100 mai bugu biyu da har yanzu yake aiki a ƙauyukanmu, maganarku daban ce kuma ta fi tsanani. Wannan injin ba shi da bawul. Siffar salansar ce ke taya shi riƙe sabon haɗi a cikin silinda. Ka sa masa bututu kawai, ka cire masa rabin aikinsa. Kuma tsinkewar haɗi a wurinsa ba ta jira, fistin ya kama ko ya huje cikin tafiya ɗaya mai nisa. Waɗanda suka cire famfon baƙin mai suna zubawa cikin tanki su sani, in an ƙara baƙin mai fiye da ƙima, fetur ɗin da ke wucewa ta jet raguwa yake yi, haɗin ya ƙara tsinkewa. Sau da yawa abin da ke sa mai irin wannan babur ya fara tunanin sabuwar salansa shi ne tsohuwar ta toshe da baƙin gawayi. A kwance ta a ƙone dattin a kakkaɓe, ƙarfin zai dawo.

Saura ta huɗu, mayar wa salansa hanjinta. Ana cewa inji yana bukatar a toshe masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Abin da yake bukata shi ne hayaƙi ya fita da gudu, domin fitar kowane bugu tana jawo na bayansa. Bututu mai faɗi da yawa yana kashe wannan gudun a ƙananan juyi, kamar tiyon ban-ruwa da aka sake wa baki. Shi ya sa babur ɗin da aka fasa wa salansa yake ƙara amo amma ya rasa jan ƙasa, kuma babu jet ɗin da zai dawo da wannan jan gaba ɗaya, tunda ba daga kafireto ya ɓata ba. In kukanka shi ne babur ba ya jan kaya kamar da, maganinka yana wurin mai walda: a mayar da siririn bututu mai huji-huji cikin tukunyar, ko a ɗaura ta kamfani in tana nan. Sai a mayar da sukuru inda yake. Shan mai ya koma yadda ka sani.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da lita. Wanda ya fita da asuba zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana ratsa garuruwa da mutane ke barci, da marasa lafiya, da jarirai. Amon buɗaɗɗiyar salansa yana firgita shanun huɗa da jakuna a kan hanya, kuma na ga amalanke ta kife saboda haka. Fasinja mace mai goyo ko dattijo, in da zaɓi, babur mai shiru za su hau. Ranar sayarwa ma dillali yakan duba salansa da kafireto, in ya ga an taɓa su sai ya rage tayi, domin yana zargin an wahalar da inji.

In ka zo rumfata ka ce in zaɓa maka, zan fara tambayarka aikin da babur ke yi. Mai ɗaukar kaya da mai acaɓan ƙauye, hanji zai koma, sukuru ya daidaita, a bar shi haka. Wanda tsohuwar salansarsa ta ruɓe ya sa ta kasuwa mai hanji saboda ita ya samu, sukuru da gwajin cok da duba fulogi. In fulogi ya yi fari a ɗaga allura tsagi ɗaya. Wanda ya ƙudurta sai buɗaɗɗiya kuma yawancin tafiyarsa kwalta ce, Ringim zuwa Kano ko Gujungu zuwa Haɗeja, ba shi da mafita sai ya ba da yini guda a bi jet mataki-mataki, kuma akwatin iska ya zauna a wurinsa ko me za a ce masa. Babban kafireto a kan injin da ba a taɓa ba, ba zan ɗaura wa kowa ba.

Ko wace ka bi, saitin ba na har abada ba ne, yanayi yana taɓa shi. Iskar safiyar hunturu mai digiri 15 ta fi ta tsakar ranar bazara mai digiri 40 nauyi da kusan kashi 9 cikin 100. Babur ɗin da aka saita a bakin gaɓa cikin Afrilu zai iya tsinkewa a Disamba, ya riƙa wahalar tashi yana harbi. A gefe guda ƙurar hunturu tana toshe soso, iska ta ragu, haɗi ya yi kauri, sai ɗaya ya ɓoye ɗaya har ranar da aka wanke soson. Don haka a wanke shi tukuna, da kananzir, a matse ba murɗawa, ya bushe, a shafa masa baƙin mai kaɗan, sannan a taɓa sukuru. Tsohon jet kuma a naɗe shi a takarda, a rubuta lambarsa da adadin zagayen sukuru da tsagin da kilif yake tun farko, a sa cikin akwatin sifanu na gefen babur. Tsohuwar salansa a rataye ta a zaure ko cikin rumbu inda ruwa ba ya taɓa ta, kar a bai wa 'yan gwangwan.